Kujerar Inna a Hanyar Kwazazzabo

Ni ba ni da saurin yafiya. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya bi ni har ƙarshe yana jiran inda zan ce zuciyata ta yi sanyi.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna: yayana, wanda shi ne ɗan farinta, sai ni auta, da tazara mai yawa a tsakaninmu. A Gwarzo muka tashi, amma Inna ba 'yar Gwarzo ba ce. An auro ta ne daga wani ɗan ƙauye na bakin kogi, can inda ruwa ya tsaga duwatsu ya yi kwazazzabo mai zurfi. Tun kafin a haife ni aka tashi mutanen ƙauyen, aka killace wurin ya zama gandun hukuma: ba noma, ba kiwo, ba saran itace, ba shiga da ƙafa. Daga baya aka yi hanyar mota ta ratsa ta ciki, aka sa ƙofa da masu gadi, mutanen birni suka fara zuwa kallo. Inna kuwa, da ta yi wanki a kan duwatsun nan har hannunta ya yi kanta, ba ta sake taka wurin ba.

Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana kewar garinsu ba. Sai dai in tana gyaran wake ko tana ɓarar gyaɗa, zance yakan kufce mata. Wai akwai wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi, a tsakiyar ruwa inda suke shanya. Wai birai kan sauko da rana tsaka su yi musu ɓarna a gona, a bi su da jifa. Wai akwai tsamiya a bayan ɗakin kakarmu, wadda 'ya'yanta ke da zaƙi-zaƙi, babu irinta ko'ina. In ta kai kan tsamiyar nan sai ta katse zancen, ta ce in miƙo mata faifai.

Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta haɗa ido da shi. In za ta yi maganarsa, "wancan" take cewa. Ko yana zaune a gabanta, ni take wa magana: "Auta, ki tambayi wancan ko ya ci abinci." Ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. In ya kawo mata atamfa sai ta ture gefe ta ce a kai wa mai buƙata, sai an yi ta matsa mata sannan ta ce to a ajiye. Ba ma ita kaɗai ba. Duk wani dattijon arziki a wajenmu, in ka yi masa tayi, a'a zai fara ce maka, kai kuma aikinka ne ka nace har ya karɓa da mutuncinsa. Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san a'ar farko ba amsa ba ce. Yaya ma ya sani sarai, a cikin abin ya tashi.

Shekarar da idon Inna ya fara yi mata hazo, Yaya babban ma'aikaci ne a Kano, da ƙatuwar motar ofis mai baƙin gilashi. Shi ya kai ta asibitin ido, ni ina riƙe da jakarta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, za a ba ta maganin ɗigawa ya rage masa gudu, amma ganin tafiya zai yi ta yi, ba ya dawowa. A gabana ya faɗa, a gaban Yaya. Muna fitowa na ja shi gefe na ce, "Yaya, ka kai ta garinsu tun tana gani." Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Da muka shiga mota ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce in Allah ya kai mu bayan Sallah, za a je kwazazzabo da Inna.

Ta juya tana kallon taga. Amma Sallah na matsowa ta buɗe adakarta ta zaro wani leshi da rabon da ta sa shi tun aurena, ta ce in wanke in turara mata. Ta ƙunsa lalle. Ana gobe tafiya ta daka fura da hannunta, ta hana kowa taɓa mata turmi.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fara fid da kai. Na zo daga Kabo da goyo a bayana don in taya ta shiri, na tarar ta riga ni. Tana zaune a zaure a kan tabarma, ta yafa mayafi, takalmanta a gefe, ƙwaryar fura a cinya. Yaya ya iso da baƙi, abokan aikinsa daga birni, kowa da tabarau da waya a hannu. But ɗin motar ya cika da kujerun naɗewa da tukunyar gas da ban san me da me ba. Sai ga wata uwar kula, irin ta biki, an rasa inda za a sa ta. Kujera ɗaya ta rage a baya, ta Inna.

Na ga lokacin da ya dubi kular, ya dubi zaure. Ya tako har bakin ƙofa, ko rusunawa bai yi ba, ya ce, "Inna, za ki je kuwa? Hanyar fa akwai gargada."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, ku je abinku. Ni me zan je in yi, tsohuwa da ni."

Ya ce, "To shi ke nan." Ya juya ya ce da ɗaya daga cikin baƙin, "Sa kular a nan baya."

Na ce, "Yaya!"

Ya ce, "Ke, ba ki ji ita da bakinta ta ce ba za ta ba?"

Aka ɗora kula a kujerar Inna. Saboda gargadar hanya har bel ya ɗaura mata, ya ja ya tabbata ya kama. Ina tsaye na rasa abin da zan jefe shi da shi. Sai na ji Inna a bayana tana cewa, "Auta, ungo, ki ba wancan su sha a hanya." Furar ce. Kuma wallahi ya karɓa.

Ta shiga ɗaki ta cire leshin, ta ninke shi yadda yake, ta mayar adaka. Da yamma suka dawo suna ta raha, ya miƙo mini waya wai in nuna mata hotuna. Duk hoton da na buɗe, tumbinsa ne ya tare rabin dutsen. Ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, ta ce Allah ya yi albarka. Ya ce kada ta damu, baɗi da ita za a je.

Ban jira baɗinsa ba. Na samo motar haya, na biya, na zo na ce ta tashi. Ta ce a'a. Na nace, na yi magiya, na yi fushi, na yi kuka. Wannan a'ar ba irin waccan ba ce. Ta ce, "Wancan ya ce baɗi. In na bi wata mota, me mutane za su ce da shi? A jira shi." Aka yi ta jira. Baɗi ya zo an yi masa canjin wurin aiki. Wani baɗin ya tafi Makka. Wani kuma motar tana wurin gyara. Idon Inna ya yi ta tsukewa, daga ba ta ganin gefe, zuwa ba ta gane fuska, zuwa sai haske da duhu. Ranar da ta zuba ruwan shayi a gefen kofi har ya ƙone mata ƙafa, ba ta ce wayyo ba, ta ce kofin ne ya matsa.

A ranar na ci alwashi. Na ce sai na riƙe sitiyari da hannuna, sai na zama ni ce mai cewa wane ya zauna nan, wane ya tsaya a ƙasa. Ina koyarwa a firamare a Gammo, akwai filin ƙwallo a bayan azuzuwa, nan na fara koyon tuƙi da tsohuwar motar maigidana. Shi a zatonsa don zuwa aiki ne, ban gyara masa zato ba. Na ture dangar wani bawan Allah, na taɓa afkawa gonar rogo da baya, 'yan majalisar bakin titi suka yi ta yi da ni wai malama ta haukace. Duk wanda ya yi dariya, fuskar Yaya nake gani a tasa, sai in ƙara taka mai. A hankali har na mallaki tawa, 'yar ƙarama ta hannu, mai ƙara kamar injin markaɗe. Amma tana zuwa duk inda na ce.

Kafin nan duniya ta juya. Yaya ya yi ritaya, ofis ya karɓe motarsa, abokan tabarau suka watse. Ya tattaro ya dawo gidanmu na Gwarzo da ciwon gwiwa, ya zama mai zaman benci a ƙofar gida. Bayan dawowarsa na sake yi wa Inna maganar tafiya, ba don ina sa rai ba. Ta ce a'a. Na nace. Sai ta ce, "To, in kin matsa, mu je in shaƙi iskar." Na yi mamakin saurin yardarta, amma ban tsaya bin diddigi ba, hankalina na kan wani abu dabam.

Na sa rana a ƙarshen damina, na tabbata maganar ta shiga kunnen Yaya. Da safe na iso na same shi a kan benci, ya sha shadda da hula, ya fesa turare, sandarsa a jingine. Ya shirya tsaf, yana ta duban wani wuri kamar bai san da zancen ba. 'Yan majalisar tsallaken titi duk suna zaune. Na shiga na fito da Inna cikin leshin nan nata, na zaunar da ita a gaba, na ɗaura mata bel. Na koma na ɗauko kula. Musamman na aro ta a maƙwabta, ba abin da ke ciki sai ruwa da fura. Na ɗora ta a kujerar baya, na ɗaura mata bel, na ja na tabbata ya kama. Sannan na tako gabansa, ban rusuna ba.

Na ce, "Yaya, za ka je kuwa? Hanyar fa akwai gargada."

Ya yi murmushin manya ya ce, "A'a, ku je abinku, kada in takura muku." Hannunsa har ya kai kan sanda, yana jiran in nace.

Na ce, "To shi ke nan."

Na shiga na tayar da mota. A madubi na ga murmushin ya bushe masa a fuska, hannun yana nan a kan sanda, 'yan majalisa suna kallonsa. Shekaru ina dafa wannan ranar a raina, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi daɗi. Ta fi yadda na zata daɗi.

Muka wuce gidajen ƙarshe, gonaki suka fara. Inna carbinta kawai take ja. Can sai carbin ya tsaya. Ta ce, "Auta, motar nan kamar ba ta yi nauyi ba."

Na ce, "Akwai kula a baya, Inna."

Ta ce, "Uhm."

Iyakar roƙon da za ta iya yi masa ke nan, ko da za a yanka ta. Na ci gaba da tafiya ina cizon leɓe. Ba tausayinsa ne ya sa na taka birki ba, kada a yi mini wannan fassarar. Wani tunani ne ya faɗo mini: in na bar shi a kan benci, kunyar safiya ɗaya zai sha, azahar na yi ya ci tuwonsa ya kwanta. Ya yi arha. Na juya mota.

Yana nan yadda na bar shi. Na sauke gilashi na ce, "Shiga." Bai tsaya a'a ba. Ya buɗe baya ya kama kula zai sauke ta ƙasa, na ce, "Bar ta, kujerarta ce. Ka zauna a gefenta." Ya naɗe gwiwoyinsa masu ciwo ya lallaɓa ya zauna.

Muka bi ta wajen Kara, dawa ta yi tsayi ta rufe hanya dama da hagu, mata na tsinkar kuɓewa a bakin gonaki. Daga nan kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓa, muka yi ta gangara har ƙofar gandu. Mai gadi ya leƙa ya gaishe da Inna, ya ce a tafi a hankali, kada a tsinki komai, ya ɗaga mana ƙarfe.

Wurin nan yana da kyau, har haushi ya ba ni. Ana shan kwanar farko ƙasa take buɗewa. Duwatsu baƙaƙe sun miƙe ta kowane gefe, kanya da ɗinya da marke sun fito daga tsagunansu ban san me suke ci ba, kogin kuma yana can ƙasa, ja saboda ruwan damina, yana dukan duwatsu yana kumfa. Belbelu sun yi layi a kan wani busasshen reshe. Iska ta canja, ta yi sanyi, tana ƙamshin jiƙaƙƙen ganye. Inna ta lalubi murfi ta ce in sauke mata gilashi. Ta ja numfashi, ta karkata kunne wajen ruwan. Ta ce, "Auta, me ake gani?"

Na ce, "Inna, ni idona na kan hanya. Amma wancan ya taɓa zuwa, har hotuna ya yi. Yaya, faɗa mata."

Ya yi gyaran murya ya ce, "Duwatsu ne. Da itatuwa."

Ta ce, "Ki tambaye shi, waɗanne itatuwa?"

Na ce, "Ka ji."

Ya leƙa ya fara lissafo su, yana tuntuɓe. Ta ce in tambaye shi ko fa ɗin nan mai faɗi yana nan, ko ruwa ya cinye shi. Ya ce yana nan. Ta ce wane launi ya koma, da can fari ne saboda sabulu. Ya ce ya yi kore-kore. Ta ce birai fa? Ya ce ga wasu can a kan dutse. Ta ce jajaye ne ko masu baƙar fuska, akwai mai goyo a cikinsu? Duk kwanar da muka zo sai in rage gudu har motar ta kusa mutuwa, don kada wani abu ya wuce bai faɗa ba. In ya yi shiru sai in ce, "Tana jira, Yaya." A madubi na ga yana share fuska da hannun riga, na ƙara rage gudu.

Akwai wurin da aka share a gefen hanya don masu tsayawa kallo. Kafin mu kai, Inna ta dafa hannuna ta ce, "Tsaya nan kusa. Na ji inda ruwan ke rabuwa biyu." Na tsaya. Kufan garinsu yana nan dab da hanya, ba abin da ya rage sai tudun ƙasa nan da can inda ɗakuna suka zube, ciyawa ta rufe su. Na fito da ita, sannan na ja baya na ce zan rufe mota in ɗauko ruwa, wancan ya kama ta. Ya miƙo hannu. Ba ta ba shi hannunta ba. Ta ɗaga sandarta ta miƙa masa kan, ya kama, ya shiga gaba yana ɗingishi yana jan ta kamar kowane ɗan jagora. Ita ke cewa a yi dama, a yi hagu.

Tsamiyar tana nan, ta yi girman da mutum biyu ba za su rungume ta ba. Inna ta saki sanda ta shafa jikin itacen, ta zagaya a hankali, ta sami wani kumburi a gindin ta tsaya. Daga nan ta juya baya ga itacen ta ɗan taka, tana shara ƙasa da tafin ƙafa. Ta tsaya a kan wani ɗan tudu.

Ta ce, "Auta, ki gaya wa wancan, goyon ciki na zo gida. Ɗakin a nan yake. A nan aka haife shi, a bayan nan aka binne cibiyarsa. Abin da na so in nuna masa ke nan, lokacin ina gani."

Ban maimaita masa ba, ya ji. Alhaji guda, da shaddarsa da hularsa, ya durƙushe a cikin ciyawa yana kuka da sauti. Ina tsaye da robar ruwa mai sanyi a hannuna, ban miƙa masa ba. A nan ne na gane abin da ya sa ta ƙi motar hayata, da abin da ya sa ta yarda bayan ya dawo gida. Ba duwatsu take so ta gani ba, ba ni take so in kawo ta ba. Ni da na ture danga na afka gonar rogo saboda ita, direba ce kawai. Shi take jira tun farko, shi kuwa ya ba kula kujerarta. Wannan ne ban yafe masa ba har gobe.

Ta ɗaga fuska sama ta ce, "Ki tambaye shi, tsamiyar ta yi 'ya'ya?"

Ina ganinsu, ɗanyu, sun yi reto a kowane reshe. Ban amsa ba, don ba ni aka tambaya ba. Ya ɗaga kai yana ƙifta ido, hawaye ya hana shi gani, ya goge ya sake dubawa. Da ƙyar ya ce, "Ta yi, Inna. Ta yi sosai."

Ta ce, "Madalla." Ta sa na karkaɗe mata leshi, muka sha fura a inuwar, muka juyo.

Inna ta rasu da bazarar da ta biyo. Tun daga nan, duk ƙarshen damina nakan ɗauki mota in bi hanyar kwazazzabo. Nakan biya ta gidanmu tukuna, in same shi a kan benci ya shirya. In sauke gilashi in yi masa tayi, sau ɗaya tak. Yanzu ba ya cewa a'a. Dattijo ne mai furfura, 'yan majalisa na kallo, amma kafin in rufe baki ya ce to, ya rarumi sanda. Da kansa yake buɗe ƙofar baya. Ban taɓa ce masa ya dawo gaba ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.